Haƙoran Tsofaffin Shanu: Rayuwar Farfesa Habib Yunus

Haihuwa da asali

An haifi Farfesa Habib Yunus a unguwar Gwange ta birnin Maiduguri ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 1968, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, tun mahaifinsa bai gama hutawa daga hada-hadar raguna ba. Mahaifin nasa, Alhaji Yunus Zayyad, dillali ne a Kasuwar Shanu, daga zuriyar makiyayan da suka baro gaɓar Tafkin Chadi suka zauna a gari bayan wata annoba ta cinye musu garke. Sunan mahaifiyarsa Hajja Kellu. Habib shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma namiji na farko, saboda haka ya tashi da nauyin da ake ɗora wa irinsa tun kafin ya san ana ɗora masa.

Alhaji Yunus ya yi suna a kasuwa da abu guda, wato sanin shekarun dabba ta haƙoranta. Da zarar ya ɗaga leɓen saniya ya leƙa, zai faɗi shekarunta a gaban mai saye da mai sayarwa, ko da faɗin zai rushe cinikin. Ya kan ce, "Mai saniya na iya yi maka ƙarya, dillali ya taya shi, amma haƙori ba ya ƙarya." Ya rayu ya mutu ba a taɓa jin ya sayar da tsohuwa da sunan karsana ba, kuma wannan ne abin da gidansa ke tinƙaho da shi. Habib ya gaji wannan ido. Kafin ya cika shekara goma, ko haƙori guda ya tsinta a ƙasa a mahauta yana iya faɗin ko na matashiya ne ko na tsohuwa, ta launinsa da yadda kansa ya cinye.

A bayan gidansu akwai majemar Malam Abdulnasir, wanda ke sayen fatu a hannun mahauta yana jeme su da bagaruwa. Warin majema shi ne iyakar gidajen biyu. A cikin watan da aka haifi Habib aka haifa wa Malam Abdulnasir ɗa, aka sa masa suna Walid. Duk wanda zai ba da tarihin Habib Yunus dole ya ba da rabin tarihin Walid, domin tun daga nan har kabari Habib bai taɓa auna kansa da wani mudu ba sai shi.

Karatu

An sa su makarantar allo tare, sannan firamare a shekarar 1974. Daga ajin farko har na ƙarshe Walid ne ke zuwa na ɗaya, Habib na biyu. Ba wai Habib ba shi da kai ba ne. Yana da shi, kuma yana da naci, sai dai abin da shi zai kwashe mako yana haddacewa, Walid zai ji sau ɗaya ya tafi wasan ƙwallo. Zango ɗaya tak Habib ya zo na ɗaya, a 1978, lokacin da ƙyanda ta kwantar da Walid. Ya kawo takardar sakamako a guje, mahaifinsa ya duba ya mayar masa ya ce, "Madalla. Allah ya ba ɗan Malam Abdulnasir lafiya." Habib ya riƙe wannan magana fiye da shekara arba'in, kuma ya riƙe ta da zafinta.

Haka aka yi a sakandare daga 1980 zuwa 1985, haka aka yi a karatun share fage. Duk da haka abokai ne, kuma na gaske. Tare suke tafiya, tare suke cin abinci, Habib na kiran Walid ɗan majemi, shi kuma yana kiransa ɗan shanu. Walid bai san ana gasa da shi ba, kuma wannan rashin sani nasa shi ya fi komai cin ran Habib.

Da lokacin shiga jami'a ya zo a 1987, Habib ya tabbata Walid likitanci zai nema, saboda haka shi ya zaɓi likitancin haƙori a wata jami'a ta kudu, don ya samu filin da zai tsaya shi kaɗai. Ranar tafiya ya iske Walid a tasha da akwatinsa da takardar shiga sashe ɗaya da nasa. Walid ya ce masa da murna, "Na ji inda ka cike, na ce to ni ma can. Wa zai bar ka ka tafi kudu kai kaɗai?" Sun kammala a 1993. An kira sunan Walid Abdulnasir da farko, aka kira na Habib Yunus a bayansa.

Aiki da aure

Bayan hidimar ƙasa suka dawo Maiduguri a 1995, suka kama aiki a asibiti ɗaya, daga baya suka yi karatun ƙwarewa a fannin gyaran haƙora da cikonsu. A 2004 aka ɗauke su koyarwa a makarantar likitocin haƙori. Ɗalibai sun shaidi Dakta Habib da tsari da kiyaye lokaci da tsaftar aiki, suna kuma tsoronsa. Dakta Walid kuwa son sa suke yi, kuma ofishinsa ne kullum cike.

Walid ya riga shi aure, a 1995, ya auri Mu'mina. Da aka haifa masa ɗan fari ya sa masa suna Habib, ya aiko da goro da ƙafar rago zuwa gidan mai suna kamar yadda aka saba. Habib ya auri Yusra a watan Disamba na 1996. Ɗansa na farko ya sa masa Yunus, ba wanda ya ga laifinsa, sunan uba ne. Na biyu ya sa masa Zayyad, sunan kaka. Da na uku ya zo a 2003, mutanen unguwa suka zuba ido, domin a Borno takwara ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya yi maka ana sa ran ka rama masa. Habib ya sa wa yaron Ba'ana. Hajiya Yusra ta yi masa magana sau ɗaya, ya ce mata suna ba dole ba ne, ba ta sake ba. Walid ya zo taron sunan, shi ne ma ya tsaya kan rabon nama.

Binciken bagaruwa

A nan ne tarihin ya kai inda marigayin da kansa ya yi wasiyya kada a tsallake. Sai an yi ɗan bayani a kan sana'ar kafin a gane abin da ya faru.

Idan haƙori ya yi kogo, likita kan share wurin da ya lalace, ya shafa wani gam, sannan ya cike ramin da farin ciko. A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai kama da ƙashi, wanda ke cike da siraran zaruruwa da ake kira kolajin. Waɗannan zaruruwa ne gam ke kamawa. Matsalar da ta addabi likitoci ita ce, bayan 'yan shekaru danshin baki da wasu sinadarai na jikin haƙorin kansa sukan cinye zaruruwan, sai gam ya rasa abin riƙewa, ciko ya saki, mara lafiya ya dawo da haƙori a tafin hannu yana zargin likita. A shekarun nan masana a wasu ƙasashe sun fara gwada magungunan da ke ɗaure zaruruwan da juna don su yi ƙarfi su jure.

A farkon 2009 Walid ya shigo ofishin Habib da jakar leda cike da 'ya'yan bagaruwa. Ya ce kolajin ɗin da ke cikin haƙori shi ne dai ke cikin fata, kuma abin da mahaifinsa ya yi shekara hamsin yana yi a majema shi ne ɗaure waɗannan zaruruwa don kada fata ta ruɓe. Ɗanyar fata kwana uku ta yi wari, jemammiya kuwa jika ya gaje ta. Me zai hana a tace ruwan bagaruwa a shafa a ramin haƙori kafin a sa gam? "Jima ce kawai, ɗan shanu," in ji shi. "Haƙori za mu jeme."

Habib ya yi dariya, ya ce zai rina wa mutane haƙora ne kamar na tsofaffin da ke cin fure da goro. Amma tun kafin Walid ya rufe baki ya gane maganar gaskiya ce, kuma babba ce. Abin da ya fi ƙona shi shi ne, shi ma a cikin wannan warin ya girma, shi ma ya ga ana jiƙa bagaruwa kowace safiya ta kan katanga, amma tunanin bai taɓa zo masa ba. Hassada ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kasa cin abinci a ranar.

Ba a fara irin wannan gwaji a bakin mutane, da haƙoran gaba na shanu ake yi. Ana yanke su a fafe su, a shafa gam a ɗora ciko, a ajiye cikin ruwa tsawon lokaci, sannan a sa inji ya ja har cikon ya ɓalle, a auna ƙarfin da ya jure. Walid ya tsara gwajin da haƙora ɗari da ashirin, sittin da bagaruwa, sittin babu, a ajiye shekara biyu. Game da samo haƙoran kuwa bai ko yi dogon tunani ba. Ya ce shi fata ya sani, shanu kuma sai ɗan Alhaji Yunus, ya damƙa masa wannan ɓangare baki ɗaya.

Akwai abin da duk mai wannan bincike ya sani: dole haƙoran su zama na shanu masu shekaru kusan ɗaya. Haƙorin tsohuwar saniya cikinsa ya ƙeƙashe ya toshe, gam ba ya kama shi da kyau ko da me aka shafa. A watan Oktoba na 2009 Habib ya yi kwana tara yana zuwa mahauta da sassafe. Ya zaɓi sittin na matasan shanu, ya zaɓi sittin na tsofaffi tuguf. Da hannunsa ya yanke kawunan haƙoran da suka cinye, ya fafe su sumul yadda ba mai iya bambancewa, ya zuba su kwalabe biyu. A kan kwalbar tsofaffin ya rubuta cewa su ne na bagaruwa. Ɗan mutumin da bai taɓa sayar da tsohuwa da sunan karsana ba ya yi haka sau sittin a kwana tara, kuma ya yi wa amininsa.

Injin awon yana wani gari mai nisa, hanyoyi kuma a shekarun nan ba su da aminci, saboda haka tafiya ɗaya aka tsara, a ƙarshen wa'adi. Walid ya yi shekara biyu yana canja wa kwalabe ruwa kamar mai renon jariri. A Nuwamba na 2011 aka kai su awo. Na bagaruwa suka riƙa ɓallewa tun inji bai yi wani ja ba, waɗanda ba a shafa wa komai ba suka fi su riƙo nesa ba kusa ba.

Farfesa

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. A wannan karon ba ta zama taki ba, ƙona shukar ta yi. Walid ya ɗora komai nasa a kan wannan bincike, har ƙarin girman da yake jira. Kwamitin ƙarin girma ya ƙi aikin, wasu abokan aiki suka laƙaba masa Dakta Bagaruwa, sunan ya bi shi har cikin aji. A 2013 ya ajiye koyarwa ya buɗe ɗan ƙaramin asibitin haƙori a Dala, inda ya ci gaba da cire haƙora da cike su ga masu ƙaramin ƙarfi.

Habib ya samu filin da ya daɗe yana nema. Ya zama shugaban sashe a 2014, ya zama farfesa a 2016, ya yaye ɗalibai masu yawa, kuma adalci ne a ce ya yi aiki tuƙuru ya kuma gina sashen. Sai dai na ɗayan da ya samu irin na 1978 ne, na lokacin ƙyanda, kuma ya sani. A walimar zamansa farfesa Walid ne ya fi kowa fara'a. Habib ya dube shi yana raba wa baƙi lemo cikin tsohuwar babbar riga, ya ji yana kishin ko wannan kwanciyar hankalin nasa.

A 2018 Walid ya kawo masa wata mujallar likitoci, wadda ta ruwaito yadda wasu masana na waje suka gwada ruwan wasu tsirrai masu ɗaci irin na bagaruwa, suka ga riƙon gam ya ƙara daɗewa a gwajinsu. Ya buɗe shafin ya ajiye masa a tebur ya ce, "Ka gani, ashe tunanin ba shi da laifi, hannuna ne bai iya jima ba. Da Baba na raye da ya yi mini dariya." Habib ya karanta shafin har ƙarshe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nasa ya riƙe wannan magana shekara biyar bayan nan.

Shekarun ƙarshe

A ƙarshen 2022 aka gano yana da ciwon ƙoda, aka fara yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Walid ne ke rufe asibitinsa duk Talata ya zo ya zauna kusa da gadonsa har a gama. A wata Talata ta watan Mayu na 2023, bayan an cire masa allurai, Habib ya ce wa ɗansa Yunus ya ba su wuri, ya faɗa wa Walid abin da ya yi, tun daga kwana taran mahauta har rubutun kan kwalba. Bai nemi uzuri ba. Ya ce masa tun suna aji ɗaya yake jin zafinsa, kuma har a wannan lokacin da yake magana bai daina ba.

Walid ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya yi mako uku ba a gan shi ba, waya ma ba ya ɗauka. A mako na huɗu ya yi sallama a gidan Gwange da buhun bagaruwa a bayan mota. Bai zauna ba. Ya ce, "Shekara sha huɗun nan ba ka iya maido mini da su, ni ma ba na iyawa. Amma haƙora kana iya zaɓa. Tashi mu je kasuwa."

Mahautan da suka san shi tun yana yaro sun ba da labarin yadda farfesa ya riƙa zuwa da sanda, ƙafafu a kumbure, yana durƙusawa gaban kawunan shanu yana ɗaga leɓe ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mahaifinsa ke yi. Ya ƙi karɓar ko ɗaya sai na 'yan shekara uku zuwa huɗu. Da suka cika ɗari da ashirin ya zuba su duka a ƙwarya guda, ya sa Walid ya kau da kai ya riƙa ɗebowa yana rabawa, don kada hannunsa shi ya sake taɓa rabon. A ƙarshen watan Yuni na 2023 aka rufe kwalabe, wa'adi shekara biyu. Habib ya san lissafin ƙodarsa, ya kuma san da wuya ya ga ranar buɗewa. Ya rubuta bayanin abin da ya aikata a 2009 ya kai wa sashensa da kansa, sannan ya rubuta shafin farko na rahoton da za a fitar, ya bar wurin sakamako fari. A ƙarƙashin taken ya jera sunaye biyu da hannunsa, Walid Abdulnasir a sama, Habib Yunus a ƙasa. Hajiya Yusra ta ce ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce mata, "Har yanzu da ciwo, amma haka yake."

Rasuwa

Allah ya yi wa Farfesa Habib Yunus rasuwa da hantsin ranar Talata, 11 ga Fabrairu na 2025, daidai da 12 ga Sha'aban na 1446, yana da shekara hamsin da shida, saura wata huɗu da 'yan kwanaki wa'adin kwalabe ya cika. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan mahaifinsa, aka kai shi maƙabartar Gwange. Dillalai da mahauta da likitoci da ɗalibai sun halarta. Dakta Walid na cikin waɗanda suka karɓe shi a bakin kabari.

A watan Yuli aka kai haƙoran awo. A wannan gwaji na bagaruwa sun fi ɗaya rukunin riƙo da tazara bayyananniya, duk da ɗan jan launi da suka bari a gefen ciko, abin da marigayin ya yi wa dariya tun farko. Sakamakon ya zo a makare, wasu sun riga sun yi suna a fannin, kuma Dakta Walid yana nan a asibitinsa na Dala bai zama farfesa ba. An tambaye shi ko za a juya jerin sunayen don girmama mamaci, ya ce a bar shi yadda mai shi ya rubuta, domin ya san abin da rubutun ya ci masa.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa Hajiya Yusra da 'ya'ya biyar: Yunus, Khairiyya, Zayyad, Ba'ana da Jannatu. Ya bar jikoki uku. Na ƙarshensu ɗan Yunus ne, wanda aka haifa a Disamba na 2024, kuma kakan ne ya nemi a bar masa zaɓen suna, ya aika da goro da ƙafar rago zuwa Dala. Sunan yaron Walid. Allah ya jiƙan Habib Yunus, ya yafe masa, ya raya abin da ya bari.